Manomin da Ya Yi wa Kwakwa Aski

Can kudu, a wata ƙasa ta bakin teku inda ruwan sama ba ya jiran damina kafin ya sauko, akwai wani mutum mai suna Habila. Shi ba ɗan ƙasar ba ne. Mutumin arewa ne, manomin dawa da gero, wanda ya tashi da fartanya a kafaɗa. A garinsu abu guda aka san shi da shi: ba ya iya ganin ciyawa a gona ya wuce. Ko gonar wani ce, sai ya sunkuya ya tuge ta. Da aka yi shekara biyu a jere damina ba ta yi kyau ba, sai ya ɗauki matarsa Tabita da 'yan komatsansu, suka gangara kudu neman abin sa wa a baka.

Ƙasar da suka tarar ta ba su mamaki. Gishiri ya narke a cikin kwano, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya kwana uku a kan igiya bai bushe ba. Tabita ta ajiye taɓarya a bayan ɗaki, bayan mako guda ta same ta ta yi gansakuka. Ta ce, "Maigida, mu riƙa motsi fa. In muka tsaya wuri ɗaya a garin nan, mu ma tsiro za mu yi."

A ƙauyen da suka sauka akwai wani tsoho mai gonar kwakwar manja, itatuwa arba'in, duk shi ya dasa su da hannunsa. Yanzu gwiwoyinsa sun gaji, ba ya iya hawa. Lokacin ƙuruciyarsa ya yi fataucin manja zuwa arewa, saboda haka yana jin Hausa, ko da yake tasa ta ɗan karkace, kuma a hankali yake jawo ta, kalma bayan kalma. Kowa Baba yake ce masa. Da ya ga baƙin nan biyu, ya dubi hannuwan Habila ya ga kanta, sai ya ba su ɗaki a gefen gonar. Ya ce Habila ya lura da itatuwan, abin da suka bayar a raba biyu.

Baba ya koya masa hawa da igiyar da ake zagaya wa itace da ƙugu. Ranar farko Habila bai kai tsawon mutum biyu ba ya sulluɓo, ya zauna daɓas a cikin taɓo. Amma shi ba mai saurin karaya ba ne. Kafin wata ya cika yana kaiwa har kan itace, addarsa a ɗaure a gefe.

Sai Baba ya zagaya da shi gonar yana nuna masa aiki. Ya nuna masa magudanan ruwa da ke tsakanin layuka, ya ce kada a bari su toshe, gama kwakwa tana son ruwa amma ba ta son ya kwanta mata a gindi. Ya kuma nuna masa rassan da suka bushe ƙayau suka sunkuyo suka manne da jikin itace. Ya ce a ƙasa mai laima irin wannan, busasshen reshe riƙe ruwa yake yi ya ruɓe, ya zama ɗakin ɓeraye da macizai da ƙwari.

Ya ce, "Waɗannan za ka sare, ɗana. Busasshe kaɗai. Wanda yake da sauran rai a jikinsa, ka bar shi, domin kuwa ita kwakwa..."

Habila ya ce, "Na gane, Baba, na gane."

Tsohon ya dube shi, ya bar maganar a nan. Shi kuwa Habila a ransa cewa yake yi, "Shekara ashirin ina noma. Sarar reshe ce za a tsaya ana yi mini dogon bayani?"

Ba a daɗe ba sai saƙo ya zo cewa 'yar Baba da ke aure a wani gari mai nisa ta haifi tagwaye, tana so mahaifinta ya zo ya ɗan zauna da su. Baba ya shiga kwalekwale da sandarsa, ya ce sai lokacin da kwakwa ta nuna zai komo.

Habila ya kama aiki da zuciya ɗaya. Ya yashe magudanan ruwa, ya nome gindin kowane itace, ya hau su ɗaya bayan ɗaya ya sare busassun rassa. Gonar ta yi fes, iska tana ratsawa. Masu wucewa zuwa bakin teku suka riƙa tsayawa suna yi masa sannu da aiki, shi kuwa daɗi ya kama shi.

Wata safiya yana tsaye yana kallon aikinsa, sai idonsa ya faɗa kan wasu rassa da suka fara yin rawaya. Ba su bushe ba, amma sun tsufa, sun ɗan rusuna. Ya ce, "Wannan ai busasshen gobe ne. Me zai sa in hau itace sau biyu? A gida ma mukan fige ganyen dawa na ƙasa mu ba dabbobi, dawar kuma ba ta fasa yin zangarniya." Sai ya wasa adda, ya bi su ya sare.

Da rawayan suka tafi, sai ya ga ashe akwai waɗansu kore da suka fi sauran sunkuyowa, suna ɓata tsarin. Ya sare su. Da ya sauko ya duba, sai ya ga gefen dama ya fi na hagu cika. Ya koma ya daidaita. Haka ya yi ta yi, yau a rage nan, gobe a rage can, har kowane itacen da ya taɓa ya rage da 'yan rassa biyar ko shida a tsaye cirko-cirko a ƙoƙon kai, kamar zakaran da aka fige aka bar masa jela.

Tabita ta kawo masa abinci gona, ta ɗaga kai ta duba, ta ajiye kwano ta riƙe haɓa. Ta ce, "Maigida, noma aka ba ka ko wanzanci?"

Ya ce, "Ke ba ki san tsabta ba. Dubi yadda suka yi kyau, kamar sojoji a layi."

Ta ce, "Ni dai na ji Baba ya ce busasshe."

Ya ce, "Baba ya tsufa. Da yana iya hawa, da shi ma haka zai yi."

Tabita ta kwashi ganyen da ya zubar ta riƙa fere shi tana ɗaure tsintsiya. Ta ba maƙwabta, ta kai majami'a, ta ba maƙwabtan maƙwabta, har aka kai ga in mata suka hango ta da ɗauri a ka sai su ce, "Mun gode, Maman tsintsiya, ta jiya ma ba mu taɓa ba."

Itace ɗaya ne ya rage, can ƙarshen gona a bakin rafi. Tun farko Habila ya riga ya sare masa busassun rassa, saura askin. Ya ɗaura igiya ya hau yana 'yar waƙarsa. Ya ɗaga adda ke nan zai sari reshen rawaya na fari, sai ya ji wani abu kamar garwashi a bayan kunne. Ashe rina ce ta yi gida a ƙarƙashin reshen. Kafin ya ce wayyo sun fito gaba ɗaya. Mutumin da ya yi wata guda yana koyon hawa, ranar nan ba wanda ya koya masa sauka. Ya bar adda da hula a nan, ya ruga ya faɗa cikin rafi, hanci kaɗai ya bari a waje.

Da ya iso gida idonsa ɗaya ya rufe, leɓensa ya yi suntum. Tabita tana shafa masa manja tana cewa sannu, kafaɗunta kuwa sai rawa suke yi don dariyar da take dannewa.

Ya ce, "Yi abarki a fili, kada ta shaƙe ki. Wancan itacen kuwa na bar wa masu shi."

Haka itacen ya zauna da rassansa kore da rawaya, buya-buya. Duk lokacin da Habila ya hango shi sai ya kau da kai, yana ganin shi kaɗai ne ya ɓata masa gona.

Sai manyan ruwaye suka sauko, irin waɗanda ake kwana bakwai ba a ga rana ba. Duk inda adda ta yanki ɗanyen reshe, wurin ya sha ruwa ya yi baƙi, ya fara wari. Waɗansu manyan ƙwari suka ji warin suka zo suka huda suka shige. Itatuwa biyu da addar ta matsa kusa da tsakiyar kansu, inda sabon toho yake fitowa, suka ruɓe daga ciki, wata rana iska ta zo ta tuge kawunansu ta yar. Sauran suka rayu, amma sababbin rassansu suka fito gajeru. Nonon kwakwar, wato curin 'ya'yan da ake tatsar manja daga ciki, ya fito ƙanana kamar dunƙulen hannu. Waɗansu ma da ba abin da ya tallafe su daga ƙasa, suka karye suka faɗo tun suna ɗanye.

Itacen bakin rafi kuwa, sai ga shi da nono shida manya-manya, jajaye wur, kowanne zaune daram a kan reshen da ke ƙarƙashinsa. 'Ya'yan da suka nuna suna zubowa ƙasa, kurege yana ta biki.

Habila ya tsaya daga nesa ya dubi wannan, ya juya ya dubi sauran talatin da bakwai. Ya koma gida ya zauna a bakin ƙofa, aka kawo tuwo bai taɓa ba.

Ya ce, "Tabita, na kashe wa bawan Allah gona. Aikin ransa ke nan. Ki ɗaure kayanmu mu bar garin nan tun bai dawo ba. Ba ni da idon da zan dube shi."

Ta ce, "A'a, Maigida. Tsohon nan ya ba mu ɗaki ranar da ba mu san kowa ba. In zai kore mu, ya kore mu da bakinsa. Ka tsaya ka gaya masa gaskiya, ni ma ina tsaye a bayanka."

Bayan kwana goma Baba ya sauka daga kwalekwale da hantsi. Ko ruwa bai tsaya sha ba, ya nufi gona yana dogara sanda, Habila da Tabita suna biye. Ya bi layi na fari yana ɗaga kai. Ya bi na biyu. Da ya zo kan kututturan nan biyu marasa kai, sai ya tsaya, ya ɗora tafin hannunsa a jikin ɗaya, ya daɗe a haka.

Ya ce, "Wannan na dasa shi shekarar da aka haifi uwar tagwayen nan."

Habila ya durƙusa a cikin taɓo. Ya ce, "Baba, ni ne. Ba ruwa ba ne, ba ƙwari ba ne. Ka ce busasshe kaɗai, ni kuwa na ga kamar na fi ka sani. Ka gafarce ni."

Tsohon ya ci gaba da tafiya har ƙarshen gona. Da ya ga itacen bakin rafi sai ya ja ya tsaya, fuskarsa ta sake. Ya zagaya shi sau biyu. Ya ce, "To, wannan fa? Wa ya gyara shi daidai haka?"

Habila ya sunkuyar da kai. Tabita ce ta amsa, ta ce, "Rina ce, Baba." Ta kwashe labarin duka ta faɗa masa, har da hular da aka bari da hancin da ya rage a saman ruwa.

Baba ya fara dariya a hankali, sa'an nan ta ci ƙarfinsa, har sai da ya saki sanda ya zauna a kan wani kututture yana share hawaye. Ya ce, "Ashe rinar gonata ta fi ka jin Hausa!"

Da ya huta, sai ya yafito Habila ya ce ya zauna kusa da shi. Ya nuna reshen rawaya da sandarsa.

"Ka ga wancan? Kai ka ga kamar ya gama amfani. Bai gama ba, bayarwa yake yi. Duk abin da ya tara tun yana kore, yanzu yake mayar wa uwar a hankali, ita kuma tana ciyar da sabon toho da shi. Ran da ya gama bayarwa zai bushe da kansa, a sa'an nan ko ka sare shi itacen ba zai ji ba. Koren da ke ƙarƙashin nono kuwa, shi ne zanen goyo. Ka kwance zane, ina jariri zai zauna? Kuma kwakwa ba mangwaro ba ce, da za ka datse ta ta tofo ta ko'ina. Kai ɗaya gare ta. In ya mutu, shi ke nan."

Habila ya ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini wannan tun farko ba?"

Tsohon ya ce, "Na fara. Ka ce ka gane."

Can Habila ya ce to, za su kwashe kayansu su ba shi ɗakinsa.

Baba ya ce, "Ku je ina? Itace biyu na rasa kafin ka koyi wannan karatu, sa'an nan in bar ka ka kai shi gonar wani? Tashi ka duba. Talatin da bakwai ɗin nan kawunansu da rai. Ka rataye adda shekara guda, ka ga abin da Allah zai yi."

Haka kuwa aka yi. Habila ya tara rassan da ya zubar ya jera su kewaye da gindin itatuwa don su ruɓe su zama taki. Tabita ta riƙa kawo tokar murhu ana barbaɗawa. Suka dasa 'yan kwakwa biyu kusa da inda biyun suka mutu. Baba ya nuna masa yadda ake tayar da rina da hayaƙin ɗanyen ganye, suka sauke nonon itacen bakin rafi, manjan da ya bayar shi ya riƙe gidajen biyu a shekarar. Kowace safiya kuma, kafin Habila ya shiga gona, sai ya je ya gai da Baba ya zauna. In tsohon ya fara magana, ko kunu zai huce a hannunsa, ba ya tashi sai ya kai aya.

A shekara ta biyu itatuwan suka cika da rassa, suka yi nono har Habila yana nishi kafin ya ɗaga ɗaya. Tabita ta kwana uku tana dafawa tana kirɓawa tana tacewa, tuluna suka cika, aka ari na maƙwabta. Ranar godiyar kaka a majami'a, su uku suka shiga da tulun manja a gaba, Baba a tsakiya, yana rawa da sandarsa.

Ga ma'anar misalin nan, ƙaunatattu. Gonar ita ce gidajenmu da ikkilisiyarmu. Mai gonar Ubangiji ne, shi ya dasa kowane itace, ya kuma san shekarar da ya dasa shi. Habila kuwa shi ne duk wanda aka danƙa wa amanar waɗansu: uba, uwa, malamin makarantar Lahadi, shugaban matasa, shugabar zumuntar mata.

Busassun rassa suna nan, kada wani ya ce babu. Ƙarya, gulma, riƙon mutum a zuciya shekara da shekaru, waɗannan matattu ne, in aka bar su ruɓa suke jawowa. A sare su, kowa kuma ya fara da na jikinsa. Amma ku lura, Habila ba malalaci ba ne, ba kuwa mugu ba. Himma ce ta yi masa yawa, sauraro ya yi masa kaɗan. Akwai uban da yake tsawata wa ɗansa a kan ƙarya, wannan daidai ne. Gobe ya tsawata masa a kan yawan tambaya, jibi a kan dariya, gata a kan waƙa, har yaron ya zama shiru-shiru, uban yana murna wai ya yi tarbiyya. Bai sani ba ɗanyen reshe ya sare, wanda da shi ne zai tallafi 'ya'yan da Allah ya nufa yaron ya ba da.

Rassan rawaya kuwa su ne tsofaffinmu. Kun san su. Kakar nan da takan ja waƙa a hankali har masu ganga su ƙosa. Dattijon da in aka ba shi addu'a sai ya ambaci kowa da sunansa, har da waɗanda suka ƙaura. Mukan ce a ranmu lokacinsu ya wuce, a matsar da su gefe don tsari ya yi kyau. Alhali kuwa a daidai wannan lokaci ne suke juye mana abin da suka tara: haƙurin da suka koya, da amincin Allah da suka gani da idonsu a shekarun yunwa da na ƙoshi. Ikkilisiyar da ta yi gaggawar ture su za ta yi kyan gani na ɗan lokaci, amma 'ya'yanta za su fito ƙanana. Ranar hutunsu kuwa ba a hannunmu take ba, Mai gonar ne ya san ta.

In kuwa akwai wanda yake jin wannan yana cewa, "Ni na riga na yi ɓarnar," to kada ya ɗaure kaya ya gudu. Ubangijinmu Yesu ba ya korar wanda ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Yakan tashe shi, ya mayar masa da aikin, ya kuma ba shi lokaci.

Saboda haka kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, a gidansu ko a unguwarsu. Ka tafi da ɗan abin da ka samu, ko ƙullin goro ne, ko ruwa ka ɗebo mata. Ka zauna a ƙasa, ka tambaye ta yadda Allah ya bi da ita tun tana yarinya. Za ka tashi da abin da ba ka zo da shi ba, ita kuma za ta wuni da sanin cewa har yanzu ana bukatarta a gonar Ubangiji. Allah ya ba mu hannu mai taushi da kunne mai haƙuri. Amin.